Kiwon Tsakar Damisa Don Fitar Da Launin Da Ba A Cika Samu Ba

Shekarar da na fara haɗa tsaka da niyyar samun zabiya, ƙwai takwas suka ƙyanƙyashe, ko ɗaya babu zabiya a ciki. Uban zabiya ne, uwar ma zabiya ce, amma 'ya'yan duka suka fito da ratsin baƙi da rawaya irin na danginsu na daji. Wanda ya sayar mini da iyayen bai yi mini ƙarya ba. Abin da bai faɗa ba, ni kuma ban san in tambaya ba, shi ne wace irin zabiya ce kowacce. A wannan dabba zabiya gida uku ce: Tremper, Rainwater da Bell, kowane gida da sunan mai kiwon da ya fara fitar da shi a Amurka. Ƙwayoyin gado uku ne daban-daban, idan ka gwama biyu ba sa gane juna. Tun daga ranar na yarda cewa babban kayan aikin mai wannan kiwo littafin rubutu ne, akwaku da na'ura duk suna bayansa.

Zan gina bayanin a kan tsakar damisa, wadda masana ke kira Eublepharis macularius, domin ita ce ta fi dacewa da mai farawa. Asalinta busassun wurare masu duwatsu na Afganistan, Pakistan, Iran da arewa maso yammacin Indiya. Tana da fatar ido da take ƙiftawa, ba ta manne wa bango, tana tara kitse a wutsiya, kuma idan ta sami kulawa takan kai shekara 15 zuwa 20. An daɗe ana kiwonta a hannu, don haka an san yadda yawancin launukanta ke bin jini.

Mataki na farko: san ta wace hanya launin yake gado

Kada ka sayi komai sai ka zauna da takarda da biro. Kowace tsaka tana karɓar ƙwayar gado biyu a kan kowace siffa, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Wannan ita ce ƙa'idar da masanin kimiyyar gado Gregor Mendel ya wallafa a 1866, kuma har yau a kanta masu kiwo ke lissafi. Launukan da za ka ci karo da su ta hanya uku suke zuwa.

Akwai gado mai ɓuya. Ba ya bayyana sai ɗa ya samo shi daga iyaye biyun. Zabiya ukun nan duk haka suke, haka Eclipse mai cika ido da launi ɗaya, haka Blizzard da Murphy Patternless marasa zane. Tsakar da ta ɗauki ƙwaya ɗaya kawai, a ido ba ta da bambanci da ta gama-gari. Masu harkar suna ce mata het, wato tana ɗauke da abin a ɓoye. Idan ka haɗa het da het, kowane ƙwai yana da rabo ɗaya cikin huɗu ya fito da launin. Sauran da suka fito kamar na gama-gari, biyu cikin uku suna ɗauke da shi, shi ya sa za ka ga an rubuta het kashi 66. Ma'anarsa ba a tabbatar ba, zato ne mai ƙarfi.

Akwai kuma gado mai rinjaye, wanda ƙwaya ɗaya ta isa a gan shi. A cikinsa akwai wanda idan ƙwayar ta zama biyu sai siffar ta ƙara tsananta. Mack Snow ne misalin da kowa ya sani: ƙwaya ɗaya tana dusashe rawayar, biyu kuma su ba da Super Snow, fara mai ɗigon baƙi da idanu baƙaƙe wuluk. Mack Snow da Mack Snow suna ba da kashi 25 Super Snow, kashi 50 Mack Snow, kashi 25 na gama-gari.

Ta uku ita ce ta masu haƙuri. Launin Tangerine mai ruwan goro da baƙin Black Night ba ƙwaya ɗaya ke haifar da su ba, ƙwayoyi ne da yawa kowacce da ɗan abin da take ƙarawa. Babu lissafin ɗaya cikin huɗu a nan. Kana zaɓen waɗanda suka fi kyau a kowace haihuwa ka sake haɗa su, shekara bayan shekara. A nan ne barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma kuma da zarar ka shigo da jinin da ba a tace ba, aikin shekara biyar yana iya komawa baya a haihuwa ɗaya.

Abin da ya fi karya gwiwar masu farawa shi ne haɗa gado mai ɓuya guda biyu a jiki ɗaya, misali Tremper da Eclipse. Idan iyayen duka het ne ga siffofin biyu, rabon kowane ƙwai ɗaya cikin 16 ne. Mace ɗaya ta ba ka ƙwai 12 a shekara, lissafi ya nuna kusan rabi da rabi ne ka ƙare shekarar ba ka ga ko ɗaya ba. Ƙwai ba ya tuna abin da ɗan'uwansa ya fito da shi. Kowanne rabonsa sabo ne. Shawarata ita ce ɗaya daga cikin iyayen ya zama mai nuna launin a fili. Het ya haɗu da mai nunawa, rabon siffa ɗaya ya tashi daga ɗaya cikin huɗu zuwa rabi.

Mataki na biyu: launukan da za ka juya wa baya

Wannan shi ne wurin da nake so mai karatu ya daɗe. Wasu launukan suna tafe da cuta a cikin ƙwayar da ke ba da kyan, ba za ka iya raba su ba ko ka yi shekara ashirin kana zaɓe.

Enigma ta bayyana a 2006, tana da rinjaye, tana ba da zane mai ban sha'awa, kuma tana taɓa ƙwaƙwalwa. Na taɓa riƙon wata da mai ita ya gaji da ita. Idan na saka mata gyare sai ta ɗaga kai ta ƙura wa sama ido, ta kai sara ta kuskure, ta shiga zagaye wuri ɗaya kamar mai hajijiya. Ranar da abin ya yi tsanani sai ta birkice ta baya tana wutsil-wutsil ta kasa tashi. Da hantsaki nake ba ta abinci, ɗaya bayan ɗaya, har ƙarshen ranta. Wata Enigma za ka ga lafiya lau, sai barbara ko saɓa ko sauyin wuri ya tayar da ciwon, kuma mai lafiyar tana haifar mai ciwo.

Lemon Frost ta fi muni. Farinta da rawayarta suna ɗaukar ido, amma ƙwayoyin fatar da ke ba da wannan hasken su ne ke rikiɗewa su zama ƙari. Binciken da Longhua Guo da Leonid Kruglyak suka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis, wanda ya fito a 2021, ya danganta abin da ƙwayar gado mai suna SPINT1, kuma fiye da kashi 80 na masu wannan launi sun yi ƙari kafin su wuce shekara biyar. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Bambancin kawai, a nan ba mai sayen ke shan wahalar ba, dabbar ce.

Sauran ƙadangaru ma suna da irin nasu. A ƙadangare mai gemu na Ostareliya, haɗa Leatherback biyu yana fitar da Silkback, wanda ba shi da ɓawon fata sam, saɓa tana yi masa wuya, fatarsa tana yagewa cikin sauƙi. A tsaka mai tukku ta Sabuwar Kaledoniya, wadda aka sake ganowa a 1994 bayan an ɗauka ta ƙare, haɗa Lilly White biyu yana ba da wasu 'ya'yan da ba sa rayuwa. Duk launin da ka ji sabo ne, tambayarka ta farko ita ce me ke faruwa idan ƙwayar ta zama biyu.

Mataki na uku: sayen iyaye da killace su

Saya daga hannun wanda ya ƙyanƙyashe su da kansa, wanda zai nuna maka hoton uwa da uba, ya faɗa maka ranar ƙyanƙyasa da abin da kowanne ke ɗauke da shi. Idan ya ce zabiya ce amma bai san gidan ba, kiwata don sha'awa, kada ka sa ta a layin haihuwa. Kada ka karɓi wadda aka kamo daga daji, kuma ka bincika dokar ƙasarka kafin ka shigo da kowace dabba daga waje.

Dubi wutsiya, ta zama mai kauri. Dubi yatsu, kada tsohuwar saɓa ta shaƙe su. Ƙafafu su miƙe, muƙamuƙi ya yi ƙarfi. Sabuwar zuwa ta zauna ita kaɗai kwana 90, a shimfiɗa mata takarda a ƙasa, da kwanonta da hantsakinta, kuma likitan dabbobi ya gwada kashinta. Akwai ƙwayar cutar hanji mai suna Kiriftosforidiyam da ke ramar da su har wutsiya ta koma kamar tsinke. Tana yaɗuwa ta kashi, kuma babu maganin da ke raba dabba da ita gaba ɗaya. Guda ɗaya mai ita ta isa ta rusa ɗaki cike da tsaka.

Mataki na huɗu: shirya mace

Bambance jinsi ba wuya. Juya ta a hankali ko ka leƙa ta ƙasan roba mai haske: namiji yana da jerin 'yan ramuka a gaban mafitar kashi masu siffar harafin V, da kumburi biyu a gindin wutsiya. Mace ba ta da kumburin.

Namiji yana shiryawa da wuri. Mace ce abin lura, domin jikinta ne zai biya kuɗin duk abin da kake buri. Kada ka haɗa ta sai ta wuce shekara ɗaya kuma ta kai giram 50. Ni nakan jira ta kusa shekara ɗaya da rabi. Sayi ƙaramin sikeli, ka auna ta duk mako ka rubuta. Gefen ɗumi na akwakunta ya kasance digiri 30 zuwa 32 a ƙasa, ɗaya gefen ya fi sanyi, kuma duk abin da ke ba da zafi ya bi ta na'urar daidaita zafi. Ƙwarin da za ta ci, gyare ne ko tsutsa ko kyankyason kiwo, ka ciyar da su da kyau kwana ɗaya kafin ka ba ta, ka barbaɗe su da garin kalshiyam, da bitamin D3 da sauran bitamin bisa ƙa'idar da aka rubuta a jikin kwalbar. Ajiye mata ɗan murfi da kalshiyam zalla ta lasa idan ta so. Ɓawon ƙwai daga kalshiyam yake. Idan ba ta samu a abinci ba, daga ƙashinta za ta ciro, sai ka ga ƙafa ta lanƙwashe, baki ya yi laushi.

Idan lokacinta ya yi, za ka ga ɗigo ɗaya ko biyu masu ruwan hoda ta cikin fatar cikinta. Alamar ta shirya ke nan.

Mataki na biyar: barbara

Kai macen wurin namijin da yamma, ka tsaya kana kallo. Zai kaɗa bakin wutsiyarsa da sauri har ka ji ƙarar, ya bi ta, ya kama fatar wuyanta da baki. Idan ta yarda sai ta tsaya cak ta ɗaga wutsiya, cikin 'yan mintoci an gama. Idan ta juyo tana cizonsa ko tana gudu, raba su, ka sake gwadawa bayan mako. Maza biyu ba sa zama wuri ɗaya ko kaɗan.

Da an gama, mayar da ita ɗakinta. Mace tana ajiye maniyyi ta yi ta amfani da shi duk tsawon kakar haihuwa, don haka namiji ɗaya tak za ta sani a shekarar. Ka sauya mata namiji a tsakiya, ba za ka ƙara sanin uban kowa ba, littafinka ya zama banza.

Mataki na shida: ƙwai da zafin ƙyanƙyasa

Sa mata akwatin roba mai ƙofa, da damshin gansakuka ko ɓawon kwakwa da aka niƙa, zurfin da za ta iya tona. Bayan mako biyu zuwa uku da barbara za ta saka na farko. Biyu-biyu take sakawa, duk bayan kwana 15 zuwa 22, sau huɗu zuwa takwas a kaka. Idan ka ga tana tona tana fita kwana da kwanaki, ta daina ci, ta yi laushi, ƙwai kuma na nan a ciki, kada ka matsa mata ciki da hannu. Likita za ka nufa ranar.

Ɗauki ƙwan yadda ka same shi, ka ɗiga alama a samansa da fensir. Bayan ɗan tayi ya manne a ɓawo, juya ƙwai yana iya kashe shi. Mai rai yakan yi tauri da fari cikin kwana kaɗan, idan ka haska shi da tocila a duhu za ka ga jan zobe, daga baya jijiyoyi. Marar rai yana zama rawaya, lagwaf kamar ledar ruwa. Duk da haka kada ka yar da ƙwai sai ya yi wari.

Zuba bamikulait, wani ma'adini mai riƙe damshi, a roba mai murfi, ka haɗa shi da ruwa nauyi da nauyi, ɗaya da ɗaya, a kan sikeli ba da ido ba. Binne ƙwan rabi. Kowace haihuwa da robarta, a rubuta uwa, uba da kwanan wata a jiki. Buɗe sau ɗaya a mako iska ta shiga, kuma ka share raɓar murfi kada ta ɗiga a kan ƙwai.

Yanzu ga abin da har yau yake ba ni mamaki: zafi ne ke yanke jinsi. A digiri 26 zuwa 27 kusan duka mata ne. A wajen 30 ana samun gauraye, mata sun ɗan fi yawa. A 32 zuwa 33 maza ne suka fi yawa. Idan ya kai 34 sai ya sake komawa mata, kuma irin waɗannan sun fi faɗa, ga asarar ƙwai. Hukuncin yana faɗuwa ne a makonnin farko. Zafi yana taɓa launi ma: zabiyar Tremper da aka ƙyanƙyashe a sanyi takan fito da duhu-duhu, ta ɗumi ta fi haske. Wannan ya sa wasu ke tura zafi sama don launi ya yi kyau a hoto. Ban yarda da haka ba, domin hasken da zafi ya kawo ba ya bin jini, wanda ya saya don haihuwa an cuce shi. Zaɓi zafi ɗaya, ka sa ma'auni na biyu a cikin na'urar ƙyanƙyasar da ka ajiye ƙwan don ka tabbatar da na farko, ka bar shi. A ɗumi ƙwai na fashewa cikin kwana 35 zuwa 45, a sanyi yakan kai 60 ko ya wuce.

Dab da fitowa ƙwan zai yi gumi, ya ɗan lotsa. Ɗan zai tsaga ɓawo ya leƙo da hanci, ya tsaya awanni yana shanye sauran gwaiduwa. Kada ka jawo shi.

Mataki na bakwai: 'ya'ya, da aikin littafi

Kowane ɗa da ƙaramar robarsa: takarda a ƙasa, maɓoya mai damshi, murfin kwalba da ruwa. Ba zai ci komai ba sai ya yi saɓar farko ya cinye ta, wajen kwana uku zuwa biyar. Daga nan ka fara da ƙananan ƙwari da ba su wuce faɗin tsakanin idanunsa ba. 'Ya'yan zabiya haske yana damun idonsu, ka rage musu fitila, ka ciyar da su da magariba.

Ɗauki hoton kowanne ranar da ya fito, kafin ka yi komai. Mack Snow a ranar farko ratsinsa baƙi da fari ne, ɗan'uwansa na gama-gari baƙi da rawaya, ko yaro zai bambanta su. Bayan wata shida rawaya ta hau jikin Mack Snow, ratsi ya tarwatse ya zama ɗigo, gwani ma sai ya yi kokwanto. Tangerine kuma akasin haka ne, sai ya yi watanni launinsa yake nuna, don haka kada ka yi saurin rabuwa da wanda ka raina.

Wanda aka ce mai yiwuwa het ne, hanya ɗaya ce ta tabbatarwa: idan ya girma ka haɗa shi da mai nuna launin. Ɗa ɗaya ya fito da launin, magana ta ƙare. Idan bakwai suka fito a jere babu, rabon a ce het ne aka yi ta kuskure ɗaya cikin 128 ne; sai ka cire shi daga lissafi.

Don kafa launi dole wani lokaci ka haɗa ɗa da uwa ko wa da ƙanwa. Sau ɗaya ko biyu ana yi. Bayan nan ka shigo da baƙon jini mai ƙarfi, ko da zai ja maka shekara biyu kafin launin ya dawo. Idan ka fara ganin wutsiya mai ƙulli, fatar ido mai tsagu, gajeren muƙamuƙi ko 'ya'yan da ba sa girma, tsayar da wannan haɗin, kuma masu nakasar kada su haihu komai kyansu. Macen da ta gama kaka ka auna ta. Idan ba ta mayar da nauyinta ba kafin kaka ta zagayo, ta huta shekarar.

Kafin ka haɗa ko da mace ɗaya, ƙirga robobin da kake da su. Mata uku suna iya ba ka 'ya'ya 30 zuwa 40 a shekara, mafi yawansu masu launin gama-gari, kowanne yana ci, kowanne yana iya kai shekara 20. Fara da mace ɗaya ko biyu. Duk wanda zai bar hannunka kuma ya kai giram 15 yana ci da kansa, ya tafi da takardarsa: ranar ƙyanƙyasa, zafin da aka ƙyanƙyashe shi, sunan uwa da uba, abin da aka tabbatar yana ɗauke da shi da abin da ake zato kawai. Idan zabiya ce, ka rubuta gidanta.